Timia, Todga ko Wadi Disa: wane kwari ya dace da mai tashi daga Legas?

Wanda ya daɗe a Legas yakan manta daɗin busasshiyar iska. Nan gumi ne tun daga asuba har dare, ga hayaƙin janareta, ga gosulo a hanyar Apapa da Ikorodu, ga ruwa ta ko'ina amma babu wani dutse da mutum zai ɗaga kai ya kalla. Shi ya sa idan hutun ƙarshen shekara ya matso, a majalisun Agege da Idi-Araba da Obalende ba a rasa wanda zai ce shi dai ya gaji da zuwa Dubai sayayya, so yake ya je inda zai taka ƙasa da ƙafarsa, ya hau dutse, ya kwana inda ake ganin taurari. Irin wannan mutumin nake wa wannan rubutu.

Wurare uku na auna: kwarin Timia a duwatsun Azbin na Jamhuriyar Nijar, kwazazzabon Todga a kudu maso gabashin Maroko, da Wadi Disa a lardin Tabuka na Saudiyya. Dukkansu fasalinsu ɗaya ne: ƙeƙasassun duwatsu hagu da dama, a tsakiya kuma ruwa da dabino da lambuna. Amma hanyar zuwa, da kuɗin da za su ci, da kwanciyar hankalin da mutum zai samu a cikinsu, sun sha bamban ƙwarai. Ra'ayina tun daga farko shi ne: mai tafiya da iyali, ko wanda bai taɓa irin wannan fita ba, ya nufi Todga. Timia ta fi su shiga raina nesa ba kusa ba, amma ba zan tura kowa can ba sai wanda yake da mutanensa a ƙasar. Disa kuwa ƙari ce a kan Umara ga mai hali.

Bari in fara da Timia, domin ita ce tamu.

Azbin ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Tarihin Gobirawa ya nuna daga can suka gangaro kudu, kuma ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma na kai da komo tsakanin waɗannan duwatsu da Damagaram da Kano. Mutanen Timia Buzaye ne na ɓangaren Kel Ewey, waɗanda suka yi suna wajen ratsa saharar Tenere zuwa Fashi da Balma bayan damina, su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangara ƙasar Hausa su sayar, su koma gida da gero. Saboda wannan tsohuwar hulɗa, Hausa tana kai mutum ko'ina a Agadas, kuma a cikin duwatsun ma da wuya ka rasa dattijon da zai amsa maka gaisuwa da Hausa garau. Wannan abu ne da Maroko da Saudiyya ba za su ba ka ba. Za ka yi ciniki da harshenka, ka tambayi hanya da harshenka, idan ciwo ya kama ka ka faɗi inda yake maka ciwo ba tare da tafinta ba.

Garin yana sama da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas, kuma hanyar ba ta da kwalta. Duwatsu ne baƙaƙe ƙirin da yashi da busassun koramu, sai mota mai jan ƙafa huɗu, kuma yini guda take cinyewa. Bayan wannan wahalar ne kwarin ke buɗewa, ka ga kore shar a gindin baƙin dutse. Lambunan Timia su ne abin kallon gaske. Akwai lemo da rumman da inabi da dabino, a ƙarƙashinsu kuma albasa da tafarnuwa da alkama. Yanzu injin ban-ruwa ya yawaita, amma har gobe akwai masu jan ruwa ta tsohuwar hanya, kuma ya kamata mutum ya zauna ya kalla da kyau. An kafa itatuwa biyu a bakin rijiya da ƙaramar gargare a sama, igiya ta bi ta kanta, an ɗaura wa raƙumi ko sa. Yaro ya ja dabbar ta yi nisa da rijiya, sai babban gugan fata ya taso cike da ruwa, bakinsa ya karkata da kansa ya juye a cikin ƙwaryar itace, ruwan ya bi ƙananan magudanai zuwa fangali bayan fangali. Yaron ya juyo da dabbar, gugan ya koma ƙasa. Haka za su yi ta yi tun safe, ba abin da kake ji sai kukan gargare da zubar ruwa.

'Yan kilomitoci daga garin akwai inda ruwa ke zubowa daga saman dutse zuwa wani tafki mai sanyi. Bayan damina yana zuba da ƙarfi, da rani kuma ya ragu ya koma siriri, amma tafkin na nan. A saman tudun da ke kallon garin akwai tsohuwar ganuwar soja da Faransawa suka gina a shekarun 1950, wadda ake kira Fort Massu, kuma daga can ake ganin kwarin gaba ɗaya. Mai son tarihi zai iya ƙarasawa kufan Asode a arewa, tsohon birnin da ya taɓa zama cibiyar Azbin. Mai ƙarfin gwiwa kuma ga tsaunin Bagzan a kudu, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages take, mita 2,022, wurin da ya fi ko'ina tsawo a Nijar. Hawansa tafiyar kwanaki ce da ɗan jagora da jakuna masu ɗaukar kaya, kuma a saman akwai ƙauyuka da lambuna. A hanyar zuwa ko dawowa ga Agadas kanta, da hasumiyar masallacinta ta laka mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515, da fadar Sarkin Azbin. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

To me ya sa ban ce kowa ya tafi ba? Tsaro ne. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Mutane na ci gaba da shige da fice, amma tambayoyi a shingayen hanya sun ƙaru, kuma ƙa'ida na iya sauyawa cikin dare ɗaya. Tun da aka gano zinariya a arewacin ƙasar a 2014, hanyoyin daji sun ƙara jawo 'yan fashi. A 2025 an sace wasu Turawa a cikin garin Agadas kansa. Bahaushe ba ya ɗaukar ido kamar Bature, gaskiya ne, amma ɗan kasuwar Legas mai babbar waya da sabuwar shadda shi ma ana gane shi. Ƙari a kan haka, babu babban asibiti a kusa, layin waya yana ɗaukewa a wurare da yawa, masauki kuma na talaka ne: tabarma, katifa, rumfa. Wanda ya saba da otal mai na'urar sanyaya ɗaki ya san da haka.

Hanyar daga Legas ma doguwa ce. Abin da ya fi sauƙi shi ne jirgi zuwa Kano, daga nan mota ta Daura a tsallaka iyaka zuwa Damagaram, kimanin kilomita 240, sannan kusan kilomita 450 ta Tanut da Aderbisinat zuwa Agadas. Zuwa da dawowa kaɗai za su lashe kusan mako, don haka mai hutun kwana bakwai ya cire Timia daga lissafi. Wanda ya kamata ya je shi ne irin 'yan'uwanmu 'yan Nijar da ke Alaba Rago ko Mile 12, masu dangi a Agadas, ko wanda yake da amini ɗan can da zai tarbe shi, ya samo masa direban da ya san hanya, ya kuma gaya masa gaskiyar halin da ake ciki a wannan makon. Idan mai masaukinka ya ce, “Alhaji, dakata tukuna,” to ka dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda zai je kuma ya tuna lissafin kuɗin can daban ne: idan an ce dala ana nufin sefa 5, jika ɗaya kuma sefa 1,000.

Todga ita ce akasin wannan ta fuskar sauƙi. Jirgin Royal Air Maroc na tashi daga Legas kai tsaye zuwa Kasabalanka, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba. Ɗan Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancin Maroko yana Abuja, don haka a fara nema da wuri, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Masu fasfon Nijar sun daɗe suna shiga Maroko ba biza, amma su ma su tabbatar kafin su tashi. A filin jirgi a riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki a hannu, domin ana tambaya.

Daga Kasabalanka hanya biyu ce, kuma zaɓin tsakaninsu ya danganta da abin da ya kai mutum. Ta farko ita ce jirgin ƙasa zuwa Marakesh, kimanin awa uku, sannan mota ta haura tsaunukan Atlas ta mashigar Tizi n'Tishka, mita 2,260 sama da teku, a gangara Warzazat, a wuce Bumalin Dades, a isa Tingir. Hanyar kwalta ce mai kyau amma kwana-kwana ce, mai jiri a mota ya nemi magani tun kafin a tashi. A kan wannan hanya ne ake ratsewa a ga Ait Bin Haddu, tsohon garin laka da ya shiga jerin UNESCO a 1987. Ta biyu kuwa ita ce ta Fas, kuma ita nake ba 'yan'uwa 'yan Tijjaniyya shawara. Duk shekara mutanenmu na zuwa ziyara zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, su yi kwanakinsu a cikin birni su dawo, ba su san cewa yini ɗaya a mota zai kai su wata duniya ba. Daga Fas a bi ta Ifran da Midelt, a gangara kwarin Ziz mai dabino iya ganinka, a wuce Rashidiyya, a juya yamma zuwa Tingir. Wanda ya shiga ta Fas ya fita ta Marakesh ya ga ƙasar ba tare da ya maimaita hanya ba.

Kwazazzabon kansa yana kimanin kilomita 15 daga Tingir. Kana tafe a gefen dabino da gidajen laka, sai duwatsun su fara matsowa, har ka shiga inda faɗin wurin bai wuce mita 10 ba, kamar wani layi a cikin Agege, amma bangon hagu da na dama sun miƙe sama har kusan mita 300. Dutsen ja ne, launinsa na sauyawa da tafiyar rana. Rana ba ta leƙa ƙasan sai na ɗan lokaci, saboda haka ko da zafi wurin da sanyi. Ruwa mai haske na gudana a gefen titi, bai kai gwiwa ba a yawancin lokaci, yara na wasa a ciki, iyalan Maroko sun shimfiɗa darduma a bakin ruwa suna dafa shayi. Abin da ya sa na fifita shi ga iyali ke nan: kwalta ta ratsa cikin kwazazzabon, mota za ta ajiye Hajiya Babba a tsakiyarsa, ta zauna a kujera ta sha kallo, su kuma samari su tafi hawan dutse.

Abin yi kuwa ya ishi kowa. Mafi sauƙi shi ne yawo a cikin gonakin dabino tsakanin Tingir da bakin kwazazzabon. Ƙananan hanyoyi ne a kan gaɓar magudanan ruwa, a ƙarƙashin zaitun da ɓaure da rumman, mata na yankar ciyawa suna ɗora wa jakuna, ga kufan tsofaffin unguwannin laka a gefen tudu. Manomin da ya san rabon ruwa a fadama zai tsaya ya kalli yadda suke toshe wannan magudana da dutse da laka su buɗe waccan, kowace gona da lokacinta. Mai son gumi kuma akwai hanyar ƙafa da ke tashi daga ƙarshen kwazazzabon ta haura saman dutsen, ta bi ta inda makiyaya ke zaune da awakinsu, ta zagayo ta sauko ƙauyen Tizgi. Awa uku zuwa huɗu take ɗauka, babu inuwa, kuma alamun hanyar ba su fito sosai ba, don haka a ɗauki ɗan jagora. Sannan ga hawan bango da igiya, wanda shi ne ya fitar da sunan Todga a duniya. An kafa ƙarafa a jikin dutsen a ɗaruruwan hanyoyi, daga na ɗan koyo zuwa na gwanaye, kuma akwai masu ba da hayar igiya da takalmi da hular kwano, su riƙe maka igiyar daga ƙasa. Kafin ka ɗaura igiyar kowa a ƙugunka, ka duba ta da idonka, ka ga yadda yake yi da wanda ya riga ka.

Kilomita hamsin da 'yan kai zuwa yamma ga kwarin Dades, da titinsa mai lanƙwasa da ake yawan gani a hotuna, gaba kaɗan kuma Kal'at Maguna, inda ake bikin furen wardi a watan Mayu. Ta gabas kuma, tafiyar 'yan awanni, ga tuddan yashi na Marzuga, kusa da Risani inda kufan Sijilmasa suke, birnin da ayarin Sahara ke sauke kaya a da. Wato a mako ɗaya mutum zai haɗa dutse da kwari da yashi.

Akwai wani abu da ba ya cikin tallan kamfanonin yawon buɗe ido amma yana da nauyi a wurina. Mutanen Maroko Malikawa ne kamarmu, kuma da ruwayar Warshu suke karatu. Wanda ya yi tsangaya ya shiga masallacin ƙauye bayan magariba, ya ji jama'a sun haɗa murya suna karanta hizbin ranar, zai iya bin su baki da baki. Idan ya buɗe Alƙur'anin da ke kan kanta, zai ga fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda malaminsa ya rubuta masa a allo. Abinci halal ne ko'ina, ga tajin, ga kuskus ranar Juma'a, ga shayin na'ana'a. Mace mai hijabi ba ta zama abin kallo.

Aibin Todga shi ne jama'a. Daga hantsi zuwa la'asar manyan motocin 'yan yawon buɗe ido na sauke mutane, masu sayar da darduma da rawani sun jera kaya a jikin dutse, kuma wasu za su bi ka da tayin jagoranci ko ba ka nema ba. Maganin wannan shi ne a kwana a ɗaya daga ƙananan masaukan da ke bakin kwazazzabon, a fita bayan sallar asuba, a sake komawa da yamma lis. Masu zuwa daga Marakesh a tafiyar kwana uku ta haɗaka minti talatin ko awa ɗaya ake ba su a nan, su ɗauki hoto a wuce. Wannan ba zuwa ba ne. A ba wurin kwana biyu cur. Sai kuma harshe: Tamazigt da Larabcin Maroko da Faransanci ake yi. Larabcin Islamiyya zai taimaka, za su fahimce ka, ko da yake kai kana iya shan wahala kafin ka fahimce su. Ciniki kuwa ba sai an koya wa ɗan kasuwar Legas ba.

Wadi Disa ba zan daɗe a kanta ba, ko da yake a ido tana iya fin sauran biyun. Tana sama da kilomita 200 kudu maso yamma da birnin Tabuka, ta ɓangaren garin Duba na bakin Bahar Maliya. Jajayen duwatsu ne a tsaitsaye kamar ginshiƙai, ƙasan kuma dabino da dogayen ciyayi da ruwan da ba ya ƙafewa, mota na ratsawa ta cikin ruwan. Akwai ragowar sassaƙar Nabatawa, wata tsohuwar al'ummar Larabawa, a jikin wasu duwatsun. Abin da ya sa ta shiga wannan lissafi shi ne, tun 2022 hukumomin Saudiyya suka ba mai bizar Umara damar zagaya sauran garuruwan ƙasar, don haka wanda ya riga ya biya kuɗin jirgi da biza zai iya ƙara kwana uku ko huɗu. A dai tambayi ejan ƙa'idar da ke aiki a lokacin, kuma a gaya masa shirin tun a Legas don a daidaita ranar dawowa.

Matsalarta nisa da tsada. Jirgin ƙasan Haramaini ya tsaya a Madina, kuma daga Madina zuwa Tabuka sama da kilomita 600 ne. Babu motar haya da ke zuwa kwarin a kai a kai, sai ka yi hayar mota mai jan ƙafa huɗu ko ka biya kamfani, masauki kuma kaɗan ne a kusa. Da yawa suna haɗa ta da Al'ula, inda Hijir take, wato Mada'in Salih, mai kaburbura sama da 100 da aka sassaƙa a dutse, wuri na farko a Saudiyya da ya shiga jerin UNESCO a 2008. A nan akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani kafin ya je. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijir a tafiyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen da aka halaka sai suna masu kuka. Wanda zai bi ta can ya tambayi malaminsa, ya kuma shiga da natsuwar mai neman izina. Disa kanta wuri ne daban, da nisa tsakaninsu.

Ga dattijo ko mai ƙananan yara da ya je Umara yake son ganin dutse, Ɗa'ifa ta fi Disa dacewa. Ba ta kai kilomita 100 daga Makka ba, tana kusan mita 1,900 sama da teku, akwai sanyi, akwai motar igiya a Hada da gonakin wardi, kuma a hanyar dawowa mutum zai iya ɗaura harami a miƙatin Ƙarnul Manazil ya ƙara wata Umarar.

Batun kuɗi, ba zan kawo adadi ba domin farashin tikiti da canji ba sa zama wuri ɗaya, amma ga yadda nauyin yake rabuwa. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 a kan dala ɗaya, sefa kuma a ɗaure da yuro, don haka duk faɗuwar naira kai tsaye take bugun aljihun matafiyi. A Maroko babban kashin yana kan tikiti da biza. Da zarar ka sauka, motocin bas tsakanin garuruwa da ƙananan masaukai da abinci suna da rangwame, kuma kusan komai da farashinsa a fili. A Timia abinci da kwana ba su da tsada, amma hayar mota daga Agadas da mai da direba da ɗan jagora su ne ke cin kuɗi, kuma mutum ɗaya ba zai ji daɗin ɗaukarsu shi kaɗai ba, sai an haɗu huɗu ko biyar an raba. Disa ta fi su tsada a kowace rana, sai dai idan an lissafa cewa kuɗin jirgin na Umara ne.

Lokacin zuwa ma ya bambanta, kuma a nan ne mutanen Legas suka fi yin kuskure, domin hutunsu a Disamba yake. Disamba da Janairu sun dace da Timia da Disa: rana mai daɗi, dare mai sanyi sosai. A Todga kuwa lokacin hunturu ne na gaske. Tingir na sama da mita 1,300, dare na iya kai wa ga ƙanƙara, kuma dusar ƙanƙara kan rufe mashigar Tishka. Ana zuwa, amma sai da rigar sanyi mai kauri da masauki mai abin ɗumama ɗaki, a tambaya kafin a biya. Lokacin da ya fi kyau shi ne Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba. Yuni zuwa Agusta kuwa a bar dukkan ukun.

Haɗarin da suka yi tarayya a kai shi ne ruwa, abin da mutum ba zai zata ba a ƙasar da ba ta da ruwan sama. Dutse ba ya shan ruwa. Idan an yi ruwa a saman tsauni, ko da kai a ƙasa kana ganin rana, duk abin da ya zuba zai taru ya biyo kwarin lokaci ɗaya, ɗauke da duwatsu da itatuwa. A Satumban 2024 irin wannan ambaliya ta kashe mutane a kudu maso gabashin Maroko, kuma a Azbin koramu kan cika haka tsakanin Yuli da Satumba su datse hanya. Kada a kafa tanti ko a ajiye mota a tsakiyar busasshiyar korama, komai laushin yashinta. Idan mutanen wurin suka ce a hau sama, a hau nan take.

Sauran shiri kaɗan ne. Katin allurar shawara ya kasance tare da fasfo, mai zuwa Umara kuma ya ƙara da ta sanƙarau. A nemi takalmi mai rufi da tauri a ƙasa, a taka shi mako biyu a Legas kafin tafiya, domin sabon takalmi a kan dutse ƙafa yake ci. Jikin da ya saba da damshin Legas ba ya jin ƙishirwa da wuri a busasshiyar iska, gumi na bushewa kafin a gan shi, don haka a riƙa shan ruwa ko ba a ji ƙishi ba, a kuma riƙe man kaɗanya saboda leɓe da diddige. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa kafin ya sa ranar tafiya, ya ɗauki maganin da zai wuce kwanakin da ya tsara, musamman idan Timia ya nufa, inda kantin magani mai cikakken kaya yake can Agadas.